Ƙarfen da Na Kai Zariya

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Zali ta zo da kanta, Barira ta aiko, waɗanda muka yi koleji tare a Maraɗi kuma duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Habsu, wai da gaske kin je Zariya da guntun ƙarfe a ka?" In na fara ba da labarin da baki, ina kaiwa tsakiya sai in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna.

Kun san mafarin, amma zan faɗa saboda waɗanda a kasuwa suka ji. Yayana Sanusi shi ke jan motar hayar wani Alhaji tsakanin Madarumfa da Maraɗi. Ranar da abin ya faru ina ciki, a kujerar baya, daidai bisa ƙafa. Na ji ƙara a ƙarƙashina, ƙas, kamar an karya busasshen kara, sai na hangi ƙafar motarmu tana gudu ita kaɗai ta shige gonar hatsi. Motar ta kwanta ta ja ƙasa. Wani dattijo mutumin Safo da ke gefena, wanda ya miƙo mini goro ban kai ga ci ba, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Jandarmomi suka ja motar zuwa harabarsu, aka kai Yaya gidan kaso. Mai motar ya rantse motarsa lafiyayya ce, gudu Sanusi yake ya faɗa rami ya karya sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya. In alƙali ya yarda da haka, Yaya zai yi shekaru a ciki. Na ce babu rami a wurin. Aka ce ƙanwarsa ce, da me za ta ce?

Hatsi ya yi tsawo lokacin, ba wanda ya ga inda ƙafar ta tsaya. Sai daga baya mai gonar ya ci karo da ita, ya ɗoro ta a amalanken jaki har ƙofar gidanmu, da guntun sandar a maƙale. Aka kwance guntun na kai wa Mushe Abdu, malamin kimiyya da ya koya mana fizik a koleji. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce shi dai ba zai iya cewa komai ba, amma a babbar makarantar Zariya akwai wani ɗaki da ya taɓa shiga, inda ake duba karyayyen ƙarfe da haske, a gane ko farat ɗaya ya karye ko ya daɗe yana tsagewa. Ya ce mu nemi wata Madam Rifkatu. Kawu Ila, ƙanin Inna, wanda ke kai wake Jibiya, ya ce, "Ni na san hanya, ke kin san boko. Tashi mu tahi."

Jajibirin tafiya na dawo daga rijiya na ishe Inna zaune da toka da yashin tabki da jiƙaƙƙiyar tsamiya, tana dirzar ƙarfen kamar gindin tukunya. Bakin karayar da ya yi baƙi da laka da tsatsa ya koma yana ƙyalli.

"Inna, mi kike yi?"

"Mi nike yi? Wurin manyan malamai za ku kai shi. So kike su ce mutanen Madarumfa ƙazamai na? Kuma wa ya san abin da ya taɓa shi ran nan?"

Na ce ta kyauta, har na zuba mata ruwan ɗauraya. Ta naɗe shi a sabon zane.

Shiga mota shi ne wahala ta farko. Tun ranar hatsarin ban sake hawa ba. A tasha na tsaya riƙe da ƙofa, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Direban ya ce, "Malama, shiga za ki yi ko sayen ƙofar za ki yi?" Kawu ya roƙi wani ya musanya mini wuri na zauna a tsakiya, nesa da ƙafafu. Duk da haka kunnena yana ƙasa. Kowane ƙis, kowane ƙwas, sai in leƙa ta taga.

A Ɗan Isa, bakin iyaka, wani mai kaki ya sa na kwance zanen. Ya dubi ƙarfen ya dubi Kawu.

"Wannan fa?"

"Mara lafiya na, ranka ya daɗe. Likita za mu kai shi."

Ya yi dariya ya ce mu wuce, Allah ya ba shi sauƙi. Amma a ɗaya ɓangaren iyakar ba a yi dariya ba. Na can ya auna nauyinsa a hannu, ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ya ce ina ya san ba bakin bindiga ba ne. Na miƙa masa katina na koleji, ya ce shi ba ya jin Faransanci, mu zauna can. Muka zauna a benci rana tana hawa, motarmu ta sauke mana kaya ta tafi. Sai wata mai fura da ke gindin darbejiya ta ɗaga murya, "Oga, ai Ila mai wake ne! Wannan ko kaza bai iya yankawa ba, ina shi ina bindiga?" Kawu bai ji daɗin shaidar ba, amma ita ta fid da mu.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Najeriya layin mai ne. Mu a nan samarinmu daga can suke kwaso shi a jarkoki, har a bakin titi a kwalba ake sayarwa. Su kuwa masu abin, motoci ne jere kamar ba su da ƙarshe, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna barci. Kabu-kabu kuma acaɓa suke ce masa, kuma ba sa tsayawa sai sun kusa taka mutum.

Daga Katsina muka shiga wata doguwar mota. Direban yaro ne mai son gudu, ya ƙure waƙa. Kusa da ni wata mata ce 'yar Funtuwa mai sayar da atamfa, ta lura da yadda na ƙanƙame kujera, ta kama hannuna ta riƙe ba ta tambaye ni komai ba, ta ba ni citta in tauna. Mun wuce Malumfashi sai na ji tas! a baya. Ban san lokacin da na tsallake mutum biyu na ture ƙofa ba. Motar ba ta gama tsayawa ba na faɗa cikin kwalbati, ina ihu ina cewa ƙafa ta fita. Taya ce kawai ta fashe. Mutane suka yi ta dariya, wani ya ce, "'Yan Faranshi ba su saba da mota ba." Kawu ya faɗa musu a taƙaice, dariyar ta mutu. Wanda ya yi maganar shi ya shiga ciyawa neman takalmina, bai samu sai ƙafa ɗaya ba. Haka na shiga Zariya da silifan matar Funtuwa, sun yi mini yawa, ina ja.

Mun sauka gidan wani abokin cinikin Kawu a Tudun Wada. Matarsa Hajiya Balaraba ta karɓe ni kamar ɗiyarta, amma 'yan matan gidan sun kewaye ni da tambaya. Wai a raƙumi muke zuwa makaranta? Wai da gaske ba mu da ruwa? Na ce garinmu bakin tabki yake, kifi har ƙyanƙyami yake yi mana, ba su yarda ba. Abincinsu mai ya yi yawa, ja wur a kan miya. Da rana, lokacin da mu fura muke damawa, su shinkafa suke ɗorawa. Burodinsu laushi gare shi da zaƙi kamar an yi wa jariri, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayi kuma a ƙaton kofi, rabi madara. Na ci abin da na iya. Da asuba jirgin ƙasa ya wuce, wanda ban taɓa gani ba. 'Yan matan suka ce in zo in kalla. Ni ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe kawai na ji, na toshe kunne.

Makarantar gari ce guda. Muka yi ta yawo, wannan ya tura mu can, wancan ya dawo da mu nan, Kawu yana gaida kowa da "ranka ya daɗe" har da ɗalibai. Daga ƙarshe muka ishe wani dogon ɗaki mai warin man inji. Madam Rifkatu gajeriya ce, da farar riga, kanta babu ɗankwali, gashin a aske kamar na namiji. Kawu ya kafa ido a ƙasa. Hausarta ta kudancin Kaduna ce, amma muna fahimtar juna. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in kwance.

Na kwance zanen ina jin daɗin yadda yake ƙyalli. Ta sunkuya. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Wa ya wanke?"

"Innata."

"Da me?"

Na faɗa mata. Ta zauna a kujera ta dafe kai, ta ce, "Wayyo mama. Wayyo mama." Sannan ta dube ni. "'Yata, abin da kuka zo in karanta, shi aka goge."

Ban gane ba, sai ta ɗauko wata 'yar waya ta ba Kawu, ta ce ya tsinka. Ya ja, ya kasa. Ta ce to ya lanƙwasa ta gaba, ya mayar baya, ya yi ta yi. Ba a jima ba ta rabu biyu a hannunsa. Ta ce haka ƙarfen mota yake. Duk juyin da ƙafa ta yi, ana ɗan lanƙwasa shi ana saki. In akwai 'yar tsaga da ido ba ya gani, kullum sai ta ƙara ci gaba kaɗan, har ranar da abin da ya rage ba zai iya ɗaukar kaya ba. Ta ce su gajiyar ƙarfe suke ce wa wannan.

Kawu ya ce, "Ikon Allah. Ƙarfe ma gajiya yake? To ni da nike ɗaukar buhu tun ina yaro, a duba ni mana."

Ta yi murmushi ta ja mu bayan labule. Can akwai wani inji da ya kama wani faifan ƙarfe mai santsi kamar madubi, yana ja yana saki, yana ja yana saki, da ƙara kamar ana daka a nesa. Ta sa na kara ido a wani madubin ƙara girma da ke tafiya a kan ma'auni. Na ga tsaga, siririya kamar gashi, tana buɗe baki tana rufewa tare da injin, kamar tana numfashi. Ta ce ɗalibanta bin bakin tsagar suke yi da madubin, suna auna nawa ta ci bayan injin ya yi ja kaza. Sannan ta tsai da injin yana riƙe da ƙarfen, ta kashe fitila, ta kunna wani jan haske. Hasken ya bugi faifan ya dawo kan farar takarda, sai ga wata baƙar inuwa zagayayya a tsakiya, kamar ƙwayar ido. Ta ce nan ne bakin tsagar. Ta ƙara wa injin ƙarfi, ƙwayar ta ƙara faɗi tana kallona. Ta ce da faɗin nan suke gane irin azabar da ƙarfen ke sha a wurin. Na riƙe bango. Na tuna ina zaune a kan irin wannan, ina tunanin takalmin da zan saya a Maraɗi.

Sai aka ɗauke wuta. Komai ya mutu. Madam ta ce, "Kullum ke nan," ta buɗe taga. Mu a nan da muke shan wutar da ke zuwa daga ƙasarsu, ba ta yi mana haka.

Ba ta jira wutar ba. Ta kai guntunmu ƙarƙashin wani madubi, ta kwantar da tocila a gefe yadda hasken zai shafi fuskar karayar a kwance, ba daga sama ba. Ta yi ta juya shi a hankali. Ni ina tsaye, ina zama, ina tashi. Can ta ce, "Zo." A wani ɗan lungu da ya lotsa, inda yashin Inna bai kai ba, wurin bai fi farcen yatsa ba, akwai zane-zane a lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda tabkinmu ke barin layi a laka duk inda ya tsaya in yana janyewa da rani? Haka suke sak. Ta ce kowane layi wurin da tsagar ta ɗan tsaya ne kafin ta ci gaba. Ƙarfen da rami ya karya farat ɗaya ba ya yin su, kaushi yake yi duka kamar an karya ƙanƙarar sukari.

Na ce, "To ai shi ke nan, Madam."

"A'a. Wannan ya nuna akwai tsohuwar tsaga. Bai nuna ta kai ina ba. Mai mota zai ce ƙarama ce, gudu ne ya ƙarasa ta. Ina ɗaya rabin?"

"Yana jikin motar, wurin jandarmomi."

"To abin da aka goge a nan yana can, in ba a taɓa ba. In kin ga wurin layi ya cinye fuskar, kaushin ɗan kaɗan ne, to ƙarfen ya riga ya mutu tun kafin ranar. Kada a wanke. Kada a kankare. Kuma ki ji wannan da kyau: kada a haɗa biyun baki da baki don a ga ko sun dace. Kowa haka yake fara yi. Suna gugar juna, layin ya tafi."

Sai Kawu ya ɗago kai karon farko ya dube ta. Ya ce, "Alhaji ya ce ran Litinin za a ba shi motarshi ya gyara."

Daga nan ban sake zama da kyau ba. Sai da muka jira wuta ta dawo ta ɗauki hoton lungun, muka sake jira a wanke shi, babban malamin sashen ya sa hannu a baya. Hajiya Balaraba ta ce in tsaya in ga kasuwa, in ga ganuwa, ban ga ko ɗaya ba. Masu tambayata yadda Zariya take, ku yi haƙuri, ƙofar ɗakin hoto na fi sani.

Dawowa kuwa abin kunya ne. Ni da na yi ta addu'a direba ya rage gudu, yanzu zuciyata rabi tana cewa taka, rabi tana cewa tsaya. Muka rasa motar ƙarshe a Jibiya saboda babu mai, muka kwana a rumfar wata mai tuwo, sauro ya yi biki da mu. Da safe Kawu ya ɗauko kabu-kabu biyu muka tsallaka. Ba mu biya gida ba, Maraɗi muka zarce, ranar Litinin ɗin.

Mun ishe motar a harabar jandarmomi an ɗaga bayanta a kan duwatsu. Makanikin Alhaji ya riga ya zaro ɗaya rabin ya jefar gefe a kan yashi. Alhaji yana tsaye da babbar riga. Kawu ya yi ta gaisuwa har aka kira Kumanda, shugabansu, wani dogo mai furfura a gefen kai. Na miƙa masa hoton, na kwance namu guntun. Ya duba, ya sunkuya ya ɗauki na ƙasa. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya fara kawo su kusa.

Na yi tsalle na riƙe masa wuyan hannu da hannuna biyu, na ce, "Kada ka haɗa!"

Wani jandarma ya taso. Kawu ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, ɗiya ta, ba ta da lafiya tun hatsarin nan." Alhaji ya ce, "Kun gani ko? Gidan duka haka suke." Ni ban saki ba, don yatsuna sun ƙi buɗewa. Kumanda ya dubi hannuna, ya dube ni, ya ce da Faransanci, "Madmazel, ki sake ni, sannan ki yi bayani."

Na yi bayanin, Faransancin da aka koya mana a lakwal yana zuwa yana tafiya. Na roƙi tocila, na roƙi a rufe tagar ofishinsa. Ya sa aka yi. Na ɗora rabin nasu a kan tebur, na kwantar da hasken a gefe kamar yadda Madam ta yi. Da farko tsatsa kawai na gani. Na juya shi kaɗan. Sai suka fito, layi bayan layi, daga baki ɗaya suna tafiya har kusan ɗaya bakin. Kumanda ya sa tabarau ya daɗe a sunkuye. Ya kira Alhaji ya ce ya duba, Alhaji ya ce shi idonsa ba ya gani a duhu. Kumanda ya naɗe ƙarfen da kansa a tsumma mai tsabta, daban da namu, ya kulle su a kabad, ya ce wurin alƙali za su, kuma mota ba ta fita.

Ya ce mini, "Ban ce an saki yayanki ba."

Na ce na sani. Har yau da nike rubutun nan ba a sake shi ba, an dai kira Alhaji da makanikinsa, muna jira.

Da yamma aka bar ni na ga Yaya. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na fara ba shi labarin Zariya da sauri, ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

"Habsu, bar zancen alƙali. Ni za ki gaya ma gaskiya. A gangaren nan na ƙara wuta kaɗan don in wuce wani amalanke. Ban faɗa ma kowa ba. Kullum in na rufe ido tsohon nan nike gani. Da ban ƙara ba fa?"

Na ce, "Yaya, da idona na gani. Abin da ya rage yana riƙe da mu duka bai fi faɗin ɗan yatsana ba. Da bai karye ran nan ba, da gobe ya karye, ko wa ke tuƙi, ko tura ta ake."

Ya tsura wa bakina ido. Mai gadi ya buga sanda a ƙofa ya ce lokaci ya yi.

"Sake faɗi," in ji Yaya.

Na sake faɗi. Mai gadin ya kama hannun rigata yana ja. Yaya bai motsa ba, ya dafa bango, leɓensa yana bin maganar. Na faɗa masa na uku ina tafiya da baya, da ƙarfi, har matan da ke layi da kwanonin abinci suka juyo suna kallona.